Dagin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Nana, ranar da kika dawo daga Islamiyya kina kuka, kika ce 'yar maƙwabta ta ce miki wai mamanki ta taɓa haukacewa, ban ba ki amsa ba. Na share miki hawaye, na zuba miki abinci, na shige ɗaki na zauna a bakin gado sai da hannuna ya lafa da rawa. Shekarunki shida, ko na yi bayani ba za ki gane ba. Shi ya sa na sayi wannan littafin mai layi-layi nake rubuta miki a hankali, ki karanta in kin girma, ke da duk wanda Allah Ya kawo bayanki. Idan kika ga rubutun ya karkace a wasu wurare kada ki damu, hannun ne. Yarinyar nan ba ita ta ƙirƙiri maganar ba, a bakin manya ta ji. An faɗi haka a unguwarmu, kuma waɗanda suka faɗa sun ga abin da ya sa su faɗa. Abin da ba su gani ba shi zan gaya miki.

Kakanki, Malam Sabo, mai zane ne. Bai taɓa riƙe allura ba. Masu aikin babbar riga ne ke kawo masa farar shadda a zauren gidanmu, shi kuma ya shimfiɗa ta a kan allon katako, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana musu aska da tambari da dagi, su tafi su bi layin da zare. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ce babba, ni ce kuma mai naci, don haka tun ina firamare nake zama a gefensa ina riƙe masa bakin ƙyalle. Kafin in gama sakandare ya fara bar mini ƙananan zane. Abu biyu yake maimaita mini har na haddace su kamar karatu.

"Rakiya, ki gama tunani kafin ki sa alƙalami. In ya taɓa ƙyalle shi ke nan, ba gyara."

Na biyun kuma idan ya ga ina lanƙwasa wuyan hannu don in bi kwana:

"Kada ki murɗa hannunki. Juya ƙyallen. Layi kullum gabanki zai riƙa tafiya."

Yana da dagi nasa na kansa wanda ba wanda ke yin irinsa a garin Lafiya. Layi ɗaya ne tak, ya bi ta ƙarƙashin kansa, ya fito, ya hau ta sama, ya yi kunnuwa takwas, sannan ya dawo daidai inda ya tashi. Masu ɗinki in sun gan shi a jikin mutum a masallacin Juma'a sukan ce wannan hannun Sabo ne. Bai taɓa zana shi a takarda ya ajiye ba. A hannunsa yake, sai kuma a kaina.

Shekarar da na gama sakandare, lokacin da wayar salula ta fara shigowa gari, muka tafi bikin suna a garin Assakio ni da shi. Da safen ranar yana tsakiyar zana rigar wani dattijon manomi daga Kwandere, Baba Ari, wanda ya ce tunda yake bai taɓa ɗinka babbar riga mai aiki ba sai bana da doya ta yi kyau. Baba ya gama askakin, ya gama tambarin, ya kai rabin dagin, sai na leƙo na ce masa za mu makara. Ya ajiye alƙalamin. Inda ya tsaya tawada ta ɗan taru ta yi ɗigo kamar ƙwayar gero. A dawowa muka tarar da mota ta kusa cika, an lafta mata doya har sama. Baba ya dube ta ya ce mu jira ta baya. Ni na gaji, takalmi ya matse ni, na ce:

"Baba, don Allah mu shiga wannan."

Muka shiga. Ba zan rubuta miki sauran ba, har yanzu ba na iyawa. Taya ce ta fashe. Na farka a asibiti da karaya a hannun dama, shi kuwa an riga an kai shi makwancinsa.

Ƙashin ya ɗore, amma hannun ya ƙi tsayawa. Likita ya ce ba abin da ya rage a ƙashi, firgita ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. In na ɗauki kofi cike da ruwa, rabi ke isa bakina. In babbar mota ta wuce a titi sai in tsinci kaina a tsugune bayan randa, hannuwa a kunne. Inna, kakarki, ta daina aikena ko'ina. Rigar Baba Ari kuwa tana nan a zaure a naɗe, ba mai taɓa ta.

Bayan sadakar arba'in Baffa Audu, ƙanin Baba, ya zauna da mu a tsakar gida. Kada ki ɗauke shi mugu, Nana. Nauyinmu ya dawo kansa, ga ƙannena mata uku. Ya ce akwai wani da ke son zauren ya sa tebur da lema yana buga wa mutane waya, kuma akwai mai zane a bayan kasuwa da zai karɓi allon da alƙaluman da masu kawo aiki, har da rigar nan ya ƙarasa ta da irin nasa dagin. Ban san sanda na yi magana ba.

"Baffa, ni zan ƙarasa."

Ya dubi hannuna da ke kan cinyata yana karkarwa, ya kawar da kai.

"Da wane hannun, 'yata?"

Inna ce ta ce a ba ni lokaci. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce to, Baba Ari da Babbar Salla yake son rigarsa, mai ɗinki kuma yana buƙatar wata guda cur. Idan na ƙarasa zanen a kan lokaci, zaure nawa ne. Idan ban ƙarasa ba, kada in sake ta da maganar. Ya kulle ƙofar zauren ta waje, wadda masu kawo aiki ke bi, ya sa makullin a aljihu, ya bar mini ta cikin gida.

Na gwada a takarda ya fi a ƙirga. Layin yakan fito kamar sawun tsutsa a kan laka. Wata rana na yi ƙarfin hali na shimfiɗa rigar, na tsoma alƙalami, na kai shi saitin ɗigon nan na Baba. Hannun ya kama rawa, tawada ta taru a bakin karan tana shirin ɗiga. Inna ta fizge rigar kamar mai cire yaro daga bakin murhu. Ta naɗe ta ta kai ɗakinta.

A makon ne Malama Rifkatu ta zo. Ita ta koya mana lissafi a sakandare, mutuniyar Agyaragu ce, ta bar koyarwa ta buɗe shagon kwamfuta a bakin titinmu, tana buga wa mutane takardu tana kuma koyar da 'yan kaɗan. Ta zo yi mana gaisuwa ne a makare, don ba ta gari lokacin da abin ya faru. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ta gan ni a rakuɓe, ta ga takardun da na yayyaga, Inna ta ba ta labari. Ta ce:

"Rakiya, zama a ɗaki zai kashe ka. Gobe ka zo shago. Ba mota, ba mashin, da ƙafa za ka zo. In ba ka zo ba ni zan zo in ja ka."

Tafiyar minti goma ce, na yi ta a rabin awa ina bin jikin katangu. A ƙofar shagon takalma ne a jere kamar ƙofar masallaci, don a lokacin an ce ƙurar ƙafa na sa wa kwamfuta cuta. Na'urori uku ne, kowacce an lulluɓe ta da farin leshi kamar kwanon abincin baƙo. Masu koyo sun fi rubutu a littafi fiye da taɓa su, kuma kowa na tsoron ya danna abin da zai lalata ta. Ni kuwa da na riga na san abin da kuskure ɗaya ke jawowa, na zauna na cusa hannuwana a ƙarƙashin hijabi.

Malama ta yaye leshin ta ƙarshe ta kunna. Ta buɗe wani abu da ta ce sunansa Logo, wai yara ake koya wa da shi. Gilashin fari fes, sai wani ɗan abu mai kusurwa uku a tsakiya, a ƙasa kuma wurin rubutu.

"Wannan kunkuru ne," in ji ta.

"Malama, ai bai yi kama da kunkuru ba."

"Ni ma ban yi kama da mai shago ba. Duba nan. Yana jan alƙalami a bayansa. Abin da ka gaya masa shi zai yi, yanzu-yanzu, a gaban idonka."

Ta rubuta harufa biyu da lamba, FD 50, wato gaba taku hamsin, ta danna. Kafin ta ɗauke yatsa kunkurun ya matsa sama, ya bar layi a bayansa, miƙaƙƙe kamar an ja da zare. Ta rubuta RT 30, wato ya juya dama kaɗan, ya karkata kai nan take. Ta sake rubuta FD, ta ture mini madannan ta ce in sa shi ya yi gaba hamsin. Na ce a'a. Ta ce oya, maza. Na fito da yatsa ɗaya, na danna biyar, na kai kan sifiri, sai yatsan ya kama rawa ya buga shi sau huɗu ko biyar, garin janyewa kuma na bugi babban madannin. Kunkurun ya fita a guje. Ya ɓace ta sama ya ɓullo ta ƙasa, ya sake ɓacewa ya sake ɓullowa, cikin ƙiftawar ido gilashin ya cika da baƙaƙen layuka kamar tabarma. Na ƙwalla ƙara, na ture kujera, na fita titi ba takalmi. Abin da ke kaina kawai shi ne na sake lalata wani abu.

Ta biyo ni tana dariya har tana riƙe ciki, ta kamo hannuna, wannan mai rawar, ta dawo da ni ta zaunar. Ta ce in buga harufa biyu da kaina, C da S. Na buga. Gilashin ya koma fari. Kunkurun ya dawo tsakiya ya tsaya yana kallon sama, kamar ba abin da ya faru.

"Ka gani? Ya tafi. Wannan ba ya riƙe mutum a zuciya. Yi kuskure ɗari yau, ni zan ƙirga maka."

Na daɗe ina kallon farin gilashin nan. Sai kuka ya zo, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka gaya mini Baba ya rasu. Malama ta kori masu koyon ta ce su je su sha iska, ta zauna tana buga takardar wani, ba ta ce in yi shiru ba.

Daga ranar kullum ina shagon. Abin da ya kama ni shi ne ba jira. A zanen Baba sai ka gama kafin ka san ko ka yi daidai, kuma in ka sani ya riga ya zama. A nan kuwa ina faɗa ina gani. In sa casa'in, kwana ta fito tsaf. In mayar da ita casa'in da ɗaya in ce ya maimaita, sai in ga murabba'in ya fara murɗewa kamar fure yana buɗewa. In rage lamba, abu ya tsuke. In ƙara, ya baje. Hannuna zai yi rawarsa a kan madannai, in goge in sake, amma layin da ke fitowa ba ruwansa da rawata. Cikin kwana goma na fitar da tambari mai zagaye bakwai, na kira Malama da ƙarfi har mai jiran fotokwafi ya firgita. Ranar ce Inna ta ce ta fara jin na ce abinci ya yi daɗi.

Dagin ne ya gagare ni. Yana da wuraren da layi ke nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa, wannan na gane shi da wuri, akwai umarnin ɗaga alƙalami da na sauke shi. Matsalar kwana ce. Muddin kunkurun na kallon sama muna shiri. Da zarar ya juyo yana kallon ƙasa, in ce dama sai in ga ya yi hagu, layin ya fice daga dagin ya tafi yawonsa. Na yi ta yi ina gogewa har na fara jin haushinsa. Malama ta tsaya a bayana ta ce:

"Damarka kake ba shi. Shi yana da nasa dama. Ka shiga cikin kunkurun, ka duba inda yake dubawa."

Sai na ji muryar Baba a kunnena, juya ƙyallen, layi kullum gabanki zai riƙa tafiya. Ashe abu ɗaya suke faɗa. Amma gilashi ba ya juyuwa, kuma a daidai lokacin aka shiga ɗauke wuta, wani lokaci kwana biyu ba ta dawo ba, Malama kuma ba ta tada janareta sai in akwai aikin bugawa. Kwanaki na tafiya, Baffa ya fara tambayar Inna. Shi ne na ce to, tunda ƙyallen ba zai juyu ba, ni zan juya.

Da hantsi in Inna ta share tsakar gida, sai in ɗauki sandar rake in riƙe ta da hannu biyu a bayana tana jan ƙasa, in zama kunkurun. In taka ina ƙirgawa da ƙarfi don kada in manta: gaba biyar, dama, gaba biyu, ɗaga, gaba ɗaya, sauke, hagu. In tsaya in rubuta a littafi, in share da ƙafa in sake. Wani lokaci in yi dariya ni kaɗai in na gano inda na ɓata. Wani lokaci in tsaya cak ina magana da iska, ina cewa a'a, nan ba haka Baba ke yi ba. In an zauna cin abinci kuma ba ni da zance sai kunkuru ya ƙi juyawa, kunkuru ya gudu yau. Ki sa kanki a matsayin Goggo Lami maƙwabciyarmu, da ke leƙowa ta kan katanga tana shanya. Yarinyar da ta fito daga hatsarin mota, wadda ke ɓuya bayan randa, ga ta tana zagaye a rana da sanda a baya tana ƙirge-ƙirge, tana zancen wani kunkuru da ba wanda ya taɓa gani. Kafin mako ya zagayo magana ta kai bakin rijiya, ta kai wurin masu niƙa, ta kai kunnen Baffa.

Ranar wata Laraba ina tsakiyar kunne na bakwai sai na ji sallama. Baffa ne da wani malami mai ruƙiyya riƙe da gorar ruwa, Goggo Lami a bayansu ta yafa mayafi a karkace. Na tsaya da sandar a hannu. Ban iya motsawa ba, don in na taka ko'ina zan ɓata layin.

"Kun gani ko?" in ji Goggo Lami. "Haka take tsayawa. Ko kiranta ka yi ba ta fitowa daga da'irar."

"Rakiya, ajiye sandar nan ki zo," in ji Baffa, a hankali, irin muryar da ake yi wa marar lafiya.

"Baffa, saura kunne ɗaya."

"Kunnen wa?"

Malamin ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Jikina ya ɗauki rawa gaba ɗaya, na san kuma rawar na ƙara tabbatar musu da abin da suka zo da shi. Abin da na iya kawai shi ne na dubi littafina na ci gaba. Gaba biyar. Dama. Ɗaga. Sauke. Ina jin Goggo Lami na salati. Na zagaya kunnen ƙarshe, na dawo, bakin sandar ya faɗa daidai cikin ramin da na fara.

Inna tana bakin madafa duk wannan lokacin, ita ma ina jin ta fara shakka a kwanakin nan, ko da ba ta faɗa ba. Sai na ga ta kife turmi, ta dafa bango ta hau kansa, mace mai ciwon gwiwa. Ta dubi tsakar gidan daga sama. Sannan ta sa gefen zane ta rufe bakinta.

"Audu," ta ce, "zo ka hau nan."

"In hau turmi, Yaya?"

"Ka hau, na ce."

Ya tattare riga ya hau. Daga ƙasa sawu ne kawai da tarkacen layi. Daga sama kuwa ga shi nan, faɗin tsakar gida, kunnuwa takwas, layi ɗaya yana nutsewa yana fitowa. Baffa ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Dagin Yaya Sabo," ya ce.

Malamin ma sai da ya hau ya gani. Ya sauko yana murmushi, ya ce shi dai bai ga aljani a nan ba, amma tunda ya zo zai yi wa mamaci addu'a, ya kuma yi wa hannun. Goggo Lami ta ce ita dama ba ta ce hauka ba, cewa ta yi a duba. Sai dai maganar da ta riga ta fita ba ta dawo ba, ga shi har ta iso kunnenki.

Washegari aka kawo wuta. Na buga abin da ke littafina layi bayan layi, ina kallon kunkurun yana bin sawuna na tsakar gida, kwana bayan kwana, har ya rufe. Malama ta buga tebur ta ce Yesu, sannan ta ce in yi haƙuri, ta ce Alhamdulillahi, muka yi ta dariya. Saura a kai shi kan riga. Muka buga a takarda, na je na ɗora a kan rabin Baba, ya yi ƙanƙanta. Na koma na canja lamba ɗaya, duk dagin ya girma a gabana. Ya yi yawa. A karo na uku ya zauna. Dabarar ƙarshe ta Inna ce. Ta zare zaren kekenta na ɗinki, ta sa takardar a ƙarƙashin allura ta bi layin, ya zama ƙananan huji a jere. Muka shimfiɗa rigar a kan allon Baba, muka danne takardar da duwatsun guga, na ƙulla garin bula a tsumma, irin wadda ake sa wa fararen kaya, na riƙa bugawa a kan hujin. Wannan aikin ba ya son tsayayyen hannu. Rawar ma taimako ta yi. Da muka ɗaga takardar, ga ɗige-ɗige shuɗaye sun tashi daga inda layin Baba ya fara, sun zagaya, na ƙarshensu ya sauka a kan ɗigon tawadar nan mai kamar ƙwayar gero.

Ba zan ɓoye miki abin da ya biyo baya ba. Wasu tsofaffin masu ɗinki sun daina kawo aiki, suka ce zanen inji ba shi da albarka, suka koma bayan kasuwa. Ban ga laifinsu sosai ba. Layin Baba yana da rai, yana ɗan kumbura inda ya ja numfashi, nawa kuwa daidai yake ko'ina kamar an auna da ma'auni. Alƙaluman karansa suna nan cikin gwangwani, ban sake tsoma ko ɗaya a tawada ba, kuma na san ba zan sake ba. Wannan na rasa shi, kuma yana yi mini ciwo.

Ranar Salla da yamma Baba Ari ya zo daga Kwandere sanye da rigar, tana ƙara saboda sabunta. Baffa na nan, ya zo gaisuwa. Dattijon ya tsaya a ƙofar gida ya ce a kira masa 'yar Sabo. Na fito na durƙusa. Ya sa yatsa a ƙirjinsa a kan dagin, ya bi zaren a hankali, ya tsaya a wani wuri.

"Daga nan zuwa nan Sabo ne. Daga nan kuma ke ce."

Na ce ya yi haƙuri, na yi iya ƙoƙarina kada a gane.

"Mai ɗinkin ya ce zai daidaita su, ni na hana shi. Na ce ya bi kowanne yadda ya gan shi. Riga nawa ce a garin nan da uba ya fara 'ya ta ƙarasa? Ƙanena ma yana so. Yaushe zai kawo shaddar?"

Na dubi Baffa. Ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana lalube kamar ya manta inda ya sa, sannan ya fito da makullin ya ajiye a tafin hannuna. Hannun na rawa, makullin na ƙara, ya naɗe yatsuna a kansa da nasa hannun ya riƙe har sai da ya lafa.

Makullin nan shi ne wanda kike wasa da shi a bakin zanena, mai jan zare. Tsohuwar kwamfutar da ke zauren, wadda nake hana ki zuba wa ruwa, ita ce ta ƙarshen layi a shagon Malama Rifkatu, ta sayar mini da ita shekarar da aka haife ki. Har yau ban sake bin hanyar Assakio ba. Har yau in taya ta fashe a titi sai na nemi bango. Amma bara na shiga mota zuwa Kwandere na kai aiki da kaina, idona a rufe rabin hanya, na kuma dawo.

Don haka in yarinyar nan ta sake faɗa miki, kada ki yi kuka, kada kuma ki ce ƙarya ne. Ki ce mata e, mamana ta yi yawo a tsakar gida da sanda tana ƙirgawa. Sannan ki kamo hannunta ki kawo ta zaure. Zan yaye leshin in zaunar da ita, ta danna da kanta. In kunkurun ya gudu ya cika gilashin, ke za ki nuna mata harufa biyun.